Kaka a Kakheti, da Baƙon da Ba Ya Sha

Ɗan ƙanwata da ke karatun likita a Tibilisi, babban birnin Jojiya, shi ne ya jawo mini wannan tafiya. Uwarsa ta kafe sai wani babba ya je ya ga inda yaron yake kwana da abin da yake ci, ni kuwa na riga na yi ritaya daga aikin malamin gona, ba ni da hanzarin da zan kawo. Jojiyar da nake magana ba jihar nan ta Amurka ba ce. Ƙasa ce 'yar ƙarama a gindin duwatsun Kokasus, Rasha na arewa da ita, Turkiyya da Armeniya na kudu, mutanenta duka-duka ba su cika miliyan huɗu ba. Na sauka tsakiyar watan Satumba.

Cikin kwana uku na gama aikin da aka aiko ni. Yaro lafiya lau, har ya yi kumatu. Muka yi Juma'a a tsohon masallacin birnin, inda 'yan Sunna da 'yan Shi'a ke salla a ɗaki guda, muka hau dutsen da ke bayansa muka ga gunkin nan mai tsawon mita 20 da aka kafa a 1958, mace riƙe da takobi a hannu ɗaya, kwanon giya a ɗayan. Takobin na abokin gaba ne, kwanon na baƙo. Tun a nan na gane cewa a ƙasar nan mutum irina zai sha tambaya.

Matar da yaron ke haya a gidanta ce ta ce gobe Asabar za ta ƙauye, kakar inabi ta kama, mahaifinta na neman hannu, ko za mu bi ta? Yaron ya dube ni, ya rage murya.

"Kawu, ka san dai abin da suke yi da inabin nan ko?"

Na ce na sani. Gona za ni gani, ba mashaya ba. Shekara talatin da ɗoriya ina yawo cikin gonakin mutane, ban taɓa ganin inabi a kan uwarsa ba sai sau ɗaya a Kudan ta jihar Kaduna, shi ma a tsaitsaye.

Daga Tibilisi zuwa Telavi, babban garin lardin Kakheti, tafiyar awa biyu ce ta hanyar Gombori, wadda ke hawa sama da mita 1,600 tana murɗewa kamar igiyar guga. Kunnuwana suka toshe, cikina ya juya, ban ga kyan dajin da ake ta nuna mini ba. Sai da muka fara gangara na dawo hayyacina. Kwarin kogin Alazani ya buɗe a gabanmu, shimfiɗe, layi-layin kuranga har iyakar gani, a bayansa duwatsu sun miƙe kamar ganuwa. A bakin kamfanonin giya manyan motoci ne jere, tsofaffin akori-kura na zamanin Sobiyet, shaƙe da inabi ba kwando ba buhu, ruwansa na ɗiga a kwalta, rina na bin su. Wanda ya san Kwanar Gafan lokacin tumatir ya san wannan layin, ya kuma san fuskar manomin da ke jiran a yi wa kayansa kuɗi alhali rana na cin su.

Kusan duk abin da ke cikin motocin nan iri biyu ne: fari da ake kira Rkatsiteli, da baƙi da ake kira Saperavi. Wannan a ƙasar da aka lissafa tana da irin inabi nata na gado sama da 500.

Ƙauyen na kan hanyar Akhmeta, bayan an wuce majami'ar Alaverdi, wadda aka gina a ƙarni na 11, tsawonta ya kai mita 50. Maigidan dattijo ne da ya doshi tamanin, gajere, kakkaura, tafin hannunsa baƙi ƙirin kamar na marinin Ƙofar Mata. Ya riƙe hannuna ya kira ni "batono", wato ranka ya daɗe, ya ce a wurinsu baƙo daga Allah yake. Da jikarsa ta fassara masa cewa baƙon nan ba ya shan giya, sai ya yi shiru, ya dube ni irin duban da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa. Can ya nisa ya ce ya gane, ai maƙwabtansu na kwarin Pankisi Musulmi ne, jikokin Checheniyawa, ya sha cin kasuwa da su. Ya ɗaga murya ya gaya wa uwargida wani abu. Daga baya na ji cewa naman alade da aka tanada don gashi ne ya ce a kawar daga gabana, a ɗora tukunyar wake.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, gara in faɗe shi. Kakar inabi a wurinsu, wadda suke kira rtveli, gayya ce: dangi na birni da maƙwabta kowa ya ɗauki almakashi da bokiti. Ni kuma na san hadisin da ya haɗa mai matsa ta da mai ɗaukar ta a cikin la'ana, ba mai sha kaɗai ba. Baƙo ya zauna hannu rabbana ana aiki, abin kunya ne a ko'ina. Na gaya wa jikar gaskiya. Ta yi dariya ta ce kada in damu, layi biyu na ƙarshe na kakarta ne, ba a kai su ɗakin randunan giya, alewa ake yi da su. Nan aka ba ni aiki.

Amma kafin a fara, da sanyin safiyar Lahadi, dattijon ya ja ni zagaye. Wannan zagayen shi ne tafiyar tawa duka, sauran rakiya ce.

Ya fara da Rkatsiteli. Sunan na nufin jan reshe, ya kuma nuna mini: karan ja ne kuwa. Ya tsinko mini ƙwaya, zaƙi da tsami sun haɗu, bawon da ɗan kauri. Ya ce wannan jaki ne, yana jure sanyi, ba ya yawan ciwo, yana ɗaukar kaya. Sai Saperavi. Ya matse ƙwaya ɗaya a tafina. Yawancin baƙin inabi bawonsa ne kawai baƙi, cikinsa fari. Wannan har tsokar ja ce, kuma sunan nasa ma'anarsa abin rini. Kwana biyu ina wanke hannu da sabulu shatin bai fita ba.

Daga nan muka ratsa ta bayan gida zuwa wasu layuka da ba su kai goma ba, tafiyarsa ma ta sauya, ya rage sauri kamar mai shiga turakar uba. "Kisi," in ji shi. Nonon inabin bai kai na farko cika ba, 'ya'yan sun yi ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigo. Da na tauna sai wani ƙamshi ya hau mini hanci, mai kama da na nunannen mangwaro da aka ajiye cikin ɗaki ya kwana. Na gaba Khikhvi, zaƙinsa har yana kama maƙogwaro, amma ganyen ya yi fari-fari da cutar nan mai kama da an barbaɗa toka. Ya ce kullum haka yake, shagwaɓaɓɓe ne, ga rowar 'ya'ya. Sai Mtsvane, wato kore, shi ma mai ƙamshi, shi ma mai saurin kamuwa. Duk wanda ya nuna mini sai ya faɗi aibinsa kafin alherinsa, yadda uba ke yi in yana gabatar da 'ya'yan da yake ji da su.

Na tambaye shi, to in ba sa haihuwa da yawa, ga ciwo, me ya sa ake wahala da su? Na san amsar da zan bayar da ni aka tambaya shekara ashirin baya, shi ya sa na yi tambayar.

Ya ce irin tambayar da gwamnati ta yi ke nan. Jojiya ta shiga hannun Sobiyet a 1921, ba ta fita ba sai 1991. Aka tattara gonaki aka mai da su na gama-kai, kolkhoz, aka ɗora wa kowace gona adadin tan da za ta kawo a shekara, domin giyar Jojiya ce ake sha daga Mosko har Sabiriya. Wanda ake auna aikinsa da sikeli ba zai dasa Khikhvi ba. Aka cika kwarin da jakuna, in ji shi. Abin da ya ceci sauran shi ne ɗan filin bayan gida da doka ta bar wa kowane magidanci. A nan mahaifinsa ya ajiye Kisi, ba don sayarwa ba, don kada a yi biki ko jana'iza a gidansa a ba mutane abin da ake samu a kanti. A 1985 Gorbachev, shugaban Tarayyar Sobiyet na lokacin, ya ƙaddamar da yaƙi da shan barasa, aka tumɓuke gonakin inabi a sassa da dama na tarayyar. Da tarayyar ta rushe kuma aka shiga yunwa da yaƙin basasa, mutane suka cire kuranga suka shuka masara da kankana. Zuwa wajen shekarar 2000 Kisi ya kusa ɓacewa daga doron ƙasa.

Abin da ya sa al'amarin ya fi na hatsi haɗari, ni malamin gona ne, bari in yi bayani. Gero in ka daina shuka shi bana, damin iri na rataye a rumbu, baɗi ko baɗin baɗaɗa ka dawo masa. Inabi ba haka ba ne. In ka shuka ƙwallon Kisi, abin da zai tsiro ba Kisi ba ne, wani baƙon abu ne. Ana yaɗa shi ne da yankan reshe, kamar rogo ko rake. Ke nan kowane irin inabi rai guda ne da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu shekaru ɗaruruwa, ranar da kurangar ƙarshe ta mutu ba wanda ya yanki reshenta, shi ke nan, an rufe babinsa. Ƙari a kan haka, tun ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shigo daga Amurka ya halaka gonakin Turai har ya iso nan. Maganin da aka samu shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro: a ɗauki gindin kurangar Amurka da ƙwaron ba ya iya wa, a ɗaura masa reshen na gida. Dattijon ya tone ƙasa da yatsa ya nuna mini kumburin wurin ɗaurin. Duk irin da ba a ga ya cancanci wahalar aure ba a wancan zamani, tun a nan aka fara barinsa a baya. Sannan in ka dasa yau, sai ka yi shekara uku kafin ka ga 'ya'yan kirki.

Ina tsaye ina jin sa, ina tuna bakina. Sau nawa na tsaya a gindin bishiya a ƙauyukanmu ina ce wa dattawa su bar kaura da farfara da kanannado su karɓi ingantaccen iri mai saurin nuna? Ban ce na yi ƙarya ba. Damina ta gajarta, ciki kuma ba ya jira. Amma ban taɓa ce wa kowa ya bar ko kunya biyu ta tsohon iri a gefe ba. Waɗanda suka bari, da taurin kansu suka bari, muna kuma rubuta su a rahoto a matsayin waɗanda ba su waye ba.

Jikar ce ta ƙarasa labarin, ita da ta yi karatu a birni ta dawo. A 2006 Rasha ta hana shigar da giyar Jojiya ƙasarta, alhali ita ce ke sayen mafi yawanta. Manoma suka ga tashin hankali. Amma ta ce gobarar Titi ce: da aka rasa mai sayen ko mene ne, dole aka nemi kasuwa a Turai da Amurka da Japan, su kuwa can ba yawa suke nema ba, abin da babu a wani wuri suke nema. Sai aka waiwayi bayan gida. Kafin Rasha ta janye takunkumin a 2013, ƙananan gidaje sun fara zuba tasu a kwalba da sunan iyali, a shekarar kuma UNESCO ta sa hanyarsu ta yin giya a randa cikin al'adun duniya da ake karewa. A Jighaura, kusa da Mtskheta, akwai gonar adana iri da aka tara nau'in inabin ƙasar sama da 400, layi-layi, kowane da allonsa. Duk da haka waɗanda ake nomawa don kasuwa 'yan gommai ne kawai.

Ɗakin randunan, marani, na leƙa shi daga bakin ƙofa. Da farko ban ga komai ba sai daɓe da wasu ramuka zagayayyu kamar bakin rijiyoyi. Randunan na binne har wuya. Qvevri suke ce musu, ginin yumɓu ne mai siffar ƙwai, gindin a tsuke, magina na ɗora shi zobe-zobe yadda matan da ke ginin tulu ke yi a wurinmu, sai dai wata randar na cin lita dubu biyu ko fiye. Ana shafe cikinta da kakin zuma tana da ɗumi. Ina tsaye sai na ji waƙa na fitowa daga ƙasa. Ashe wani saurayi ne a cikin ɗaya, ya shige ɗungurungum, yana goge ta da wani abin gogewa na ɓawon itacen ceri da aka ɗaure a sanda. Dattijon ya ce duk sirrin a wankin yake. Randa mai datti ta fi maƙiyi ɓarna. A Kakheti ana zuba ruwan inabin da bawonsa da ƙwallayensa, wani lokaci har da karan, ba a ƙara yisti, ya yi ta tafasa da kansa mako biyu zuwa uku ana dama shi, sannan a rufe da faifan dutse a liƙe da laka sai bazara. Sanyin ƙasa ke riƙe shi, dabarar da ta sa kakanninmu ke binne gindin randar ruwa a yashi. Diddigar kuma ta taru a tsukakken gindin. Saboda zaman da ya yi da bawo, farin inabi kan fito da launin zuma. Har abin ɗibarsu na gane shi tun daga nesa: ludayin duma ne da dogon mariƙi. A 2017 masu bincike suka bayyana cewa sun sami alamar giyar inabi a fasassun tukwane a Gadachrili Gora da Shulaveris Gora, kudu da Tibilisi, masu shekara kusan 8,000. Kowa a ƙauyen ya haddace wannan lamba kamar lambar wayarsa.

Warin da ke tashi daga ɗakin ya ishe ni, na koma wurin aikina.

Uwargida ta riga ta hura wuta a tsakar gida, ta ɗora ƙatuwar tukunya. Ruwan inabin da muka tsinka da safe, sabo, ko awa uku bai yi ba, ta tafasa shi ya ƙafe ya yi kauri, sannan ta riƙa barbaɗa garin alkama tana tuƙawa da muciya, tuƙin tuwo sak, har ya zama wani kunu mai kauri ruwan makuba da suke kira tatara. Tun mako guda kafin nan ta shirya zare-zare na wata gyaɗar bishiya mai suna nigozi, an soke ta da allura kamar tasbaha. Ta kama bakin zare ta nutsa a cikin tukunyar, ta danna da bayan muciya, ta jawo shi a hankali ya fito sanye da riga, ta rataye a gora. Ta miƙo mini nawa. Na jawo da sauri, rigar ta zame ta faɗa mini a kan takalmi. Ta buga mini muciya a hannu, ba wasa, ta riƙe wuyan hannuna ta nuna mini saurin da ake so. Na huɗu ya yi kyau. Churchkhela ke nan, a bar shi ya sha iska mako biyu, ya yi watanni bai lalace ba. Guzurin mayaƙa ne a da. Gefe guda kuma surukarta na manna kwaɓaɓɓen fulawa a jikin tanderu, dogon burodi mai kama da kwalekwale. Na ce wa yaron, wannan ai gurasa ce ta yi tsawo.

Da yamma aka shimfiɗa tebur a ƙarƙashin rumfar inabi. Wake a tukunyar ƙasa, gauta da aka naɗe da niƙaƙƙiyar nigozi, cukun tumaki mai gishiri daga tsaunukan Tusheti, kifi. A irin wannan zama akwai shugaban tebur, tamada, ba mai kai kofi baki sai ya yi jawabi, kuma jawaban na da tsari: zaman lafiya, iyaye, waɗanda suka riga mu, yara. Da aka zo kan matattu kowa ya miƙe, dattijon ya ɗiga kaɗan a kan burodi, ya ambaci mahaifinsa. Ni an cika mini kofi da ruwan inabin uwargida. Maza uku suka yi waƙa, kowa da muryarsa daban amma sun haɗu, har tsigar jikina ta tashi.

A nan ne kuma rigimar gidan ta fito fili, don ba gidan da ba shi da ita. Ɗan dattijon, kawun yarinyar, so yake a cire Khikhvi a ƙara Saperavi: kamfani na saye nan take, kuɗi a hannu kafin sanyi. Ya ce giyar kwalba da yarinyar ke so a yi sai an yi shekara ana jira, ga kuɗin kwalba, ga na takarda, ga 'yan Turai masu saye yau su sauya ra'ayi gobe. Ya tuna musu shekarar da ƙanƙara ta sauko cikin minti goma ta tafi da rabin gona, duk da rokokin da gwamnati ke harba wa gizagizai don fasa ta. Yarinyar ta ce inabin kamfani kowa na da shi, shi ya sa manomi ke kwana a layi, har sai gwamnati ta sa tallafi kafin Rkatsiteli ya yi kuɗin kirki. Na ji shi, na ji ta, kuma a raina na fi ba shi gaskiya a lissafin bana, na fi ba ta a lissafin shekara goma. Dattijon bai ce uffan ba, yana ta ɓare gyaɗa.

Da hayaniyar ta lafa ya taɓa kafaɗata, ya nuna sama. Kurangar da ta yi mana rumfa gindinta ya kai cinyar ƙato, ɓawon ya daddare. 'Ya'yanta ƙanana ne, ba fari ba baƙi ba, wani ja-ja mai haske. Na tambayi sunanta. Ya ɗaga kafaɗa. Kakarsa ce ta zo da reshen daga ƙauyensu lokacin da aka kawo ta amarya, a gidan "ta Kaka" kawai ake ce mata. Masana biyu sun zo sun duba ganyen, kowa ya faɗi suna daban. Yarinyar ta ce za ta kai ganye da reshe Jighaura a gwada. Kawun ya yi dariya ya ce ai a Lechkhumi akwai wani inabi da ake kira Usakhelouri, ma'anarsa marar suna, yana kuma cikin mafi tsada a ƙasar, don haka a bar ta haka, wataƙila ta fi kuɗi.

Washegari da za mu tafi, dattijon ya shiga ya fito da almakashi zai yanko mini reshenta. Na ce masa ba za a bar ni in wuce da shi a filin jirgi ba, kuma yanzu ba lokacin yanka ba ne, shi ma ya sani. Ya tsaya da almakashin a hannu, ya ce to in dawo a watan Fabrairu lokacin da ake rage wa kuranga rassa, reshe na barci, ya san yadda ake naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma. Uwargida ta tura mini churchkhela shida a jaka, cikinsu har da nawa na huɗu, ta ɗaura masa jan zare don in gane shi. Bai gama bushewa ba, ta ce in na isa gida in rataye shi inda iska ke ratsawa, kada kuma in bar yara su kai gare shi kafin kwana goma.